Jan Idon Kawu Sannu-Sannu

Kawuna direban bas ɗin makaranta ne tun kafin in yi wayo. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, dogo, siriri, da ɗan ranƙwafawa a kafaɗa irin ta wanda ya daɗe a bayan sitiyari. A gareji Sannu-Sannu suke ce masa, domin ko titi ya zama fayau babu kowa, ba ya wuce gudun da ya saba. 'Yan makaranta kuma Baba Direba. Ni ɗinki nake yi, shagona na bakin layinsu, shi ya sa tun da na sayi keken farko ya daina kiran sunana, sai Tela.

Mutum ne da bai taɓa yarda da kowa gaba ɗaya ba. In ya kai mota gyara ba ya matsawa ko nan da can. Zai sami tsohuwar taya ya zauna, idonsa a kan hannun bakanike, in aka ce wani ƙarfe ya mutu aka sa sabo, sai an ba shi mataccen ya jefa a buhu ya tafi da shi. A gidan mai sai ya sauko ya tsaya a gaban famfo. Mahaifiyata ta ce tun suna yara haka yake, ko lemo aka raba musu sai ya juya nasa ya duba ƙasansa. Amma wannan halin ne ya sa ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar 'ya'yan mutane bai taɓa goge ko akuya ba. Kowane mai babur a wurinsa yana shirin faɗowa gabansa ne, kowane yaro a bakin hanya yana shirin rugawa. In ya sauke yaro ba ya tashi sai ya ga an buɗe ƙofa yaron ya shige.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ƙanƙara da ruwan sanyi take sayarwa a gida. 'Ya'yansu sun girma kowa ya kama gabansa, gidan ya rage su biyu da ƙugin firiza.

Abin ya faro ne daga ido. Idanun Kawu suka fara ja, ba irin na ciwon ido ba, babu kwantsa, babu zafi, ja ne kawai da ya zauna ya ƙi tafiya. Ya ɗiga magani bai ga canji ba. Sannu a hankali fuskarsa ta ƙara duhu da wani irin sheƙi, tafin hannunsa da na ƙafarsa suka yi jajir suna masa zafi, in ya dawo aiki sai ya cire takalmi ya manna ƙafafunsa a siminti. Kansa na sarawa, wani lokaci jiri ya ɗebe shi. Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne ƙaiƙayi. Da ya fito wanka sai susa, hannu biyu, har da mataji, in bai isa ba ya goga bayansa a jikin ƙofa.

A makaranta wata mata ce ta fara, uwar wasu 'yan biyu. Tana ɗora yaranta a mota ta tsaya ta kalle shi fiye da yadda aka saba, sannan ta tambaye shi ko ya sami barci kuwa. Ya ce ya samu. Washegari wata ma ta yi masa tambayar, da irin muryar. Ba a jima ba shugabar makaranta ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, kullum da safe sai ta zo har tagar direba, ta sunkuyo kusa da fuskarsa tana tambayarsa lafiyar taya da batir, abubuwan da ba ta taɓa damuwa da su ba. Kawu ya lura hancinta ne ke yin tambayar.

Ya lura da wani abu kuma. Maigadin makarantar, wanda suka daɗe suna shan shayi tare a bakin ƙofa, yana da suruki mai lasisin tuƙi da ba shi da aiki. Kawu ya taɓa ganin surukin nan ya zo ya zagaya bas ɗin yana taɓa taya da ƙafa. Ya ajiye abin a ransa. Yanzu da ya haɗa wannan da wancan, sai ya yanke cewa daga ɗakin maigadi maganar ta fito. Ya daina zama shan shayi. Maigadi ya ga an daina gaishe shi da fara'a, shi ma ya ja jikinsa, Kawu kuma ya ɗauki jan jikin a matsayin shaida.

Ranar da shugabar ta gaji da kewaye-kewaye ta kira shi ofis ta rufe ƙofa. Ta ce iyaye na magana, ita ba ta yarda ba, amma dole ta tambaya, ko yana taɓa giya.

"Kullum ina taɓawa, ranki ya daɗe," in ji Kawu. "Ta ɗaya zuwa ta biyar, sai ribas. Wata giyar ban san ta ba."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta sallame shi. Da ya ba ni labari shi ma bai yi dariya ba.

A gida ma wuta na ci a ƙasa, bai sani ba. Wata rana da tsakar rana Inna ta shigo shagona da rigarsa a leda, wai maɓalli ya cire. Ta jira mai kawo ɗinki ta fita, ta tura ƙofa, ta miƙo mini wuyan rigar ta ce in shinshina. Na shinshina. Man mota, gumi, sabulu. Na gaya mata haka. Ta ce ai an ce akwai wadda ba ta wari, akwai kuma ƙwayoyi. Ɗan maƙwabciyarsu da ya lalace da shaye-shaye haka yake susa, haka idonsa yake. Ta ce ta lalube aljihunansa, ta duba ƙarƙashin katifa, har cikin buhun matattun ƙarafan nan ta zazzage, ba ta ga komai ba, kuma rashin ganin ne ya fi tayar mata da hankali, domin ta san mijinta, in ya so ɓoye abu ko ɓera ba zai gano ba. Na ce mata mutumin da ko taba bai taɓa sha ba, sai yanzu da furfura? Ta ce labarin zuciya a tambayi fuska, ita dai ga abin da fuska ke faɗa mata. Ta roƙe ni kada in gaya wa mahaifiyata.

Ba a yi nisa ba sai ga Kawu shi ma, da yamma bayan ya ajiye mota. Bai saba zama a shagona ba, amma ranar ya ja benci. Ya yi ta tambayoyi a karkace, ko Inna na yawan zuwa nan, da wa take hulɗa kwanan nan, ko na ga baƙuwar fuska na shiga gidan in ba ya nan. Da na matsa masa sai ya faɗi abin da ya gani. Yana sa riga a ɗaki, ta madubin jikin kabad ya hango ta a kicin ta ciro wata ƙaramar kwalba daga bayan gwangwanin sukari, ta tsiyaya wani baƙin abu a cokali, ta juye a shayinsa ta gauraya. Ta kawo masa da hannu biyu kamar kullum. Ya karɓa ya gode, da ta juya baya ya zubar a magudana.

"Tela," ya ce, "ashe ciwon kan nan da jirin nan ba daga sama suka faɗo ba."

Na ce ya tambaye ta mana. Ya ce ba a tambayar ɓarawo ko shi ya ɗauka. Shi ma ya ce kada in gaya wa ƙanwarsa.

Na rufe shago ranar da nauyi biyu a kaina. Ina ɗinki ina tunani, in na tuna idon Kawu sai in ce ko dai Inna na da gaskiya, in na tuna kwalbar sai in ce ko dai Kawu ne mai gaskiya.

Daga nan Kawu ya daina cin komai a gida. Zai ce ya ƙoshi, ko cikinsa ba daɗi. Burodi da ƙwai yake ci a tsaye a wurin mai shayin bakin gareji, yana kallon yadda ake fasa ƙwan. Ya fara dawowa a makare don kada a kawo masa kwano. Inna kuwa ta ga miji ba ya cin abinci, ba ya dawowa da wuri, ido jajir, ta ce to, magana ta fito. Suna kwana ɗaki ɗaya, suna gaisawa da safe, kowa na bin kowa da wutsiyar ido.

Sai ranar da abin ya faru a hanya. Da safe ne, motar cike da yara. Kawu ya ce yana cikin tafiya sai ya ga kamar an zuba masa ruwa a gilashi, titi ya rabu biyu, hannunsa na hagu ya yi nauyi a kan sitiyari kamar ba nasa ba. Bai jira ya ga ƙarshe ba. Ya kunna sigina, ya gangara gefe, ya ja birkin hannu, ya kashe mota ya zare makulli. Ya ce wa yaran kowa ya zauna. Ya sauko don ya sha iska, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya yi tangaɗi ya dafa jikin mota, ya zame ya zauna a ƙasa. Da mutane suka taru suna tambaya, harshensa ya yi nauyi, magana na fita a murɗe.

Cikin masu taruwar wani ya ɗaga waya. Kafin a kawo wata motar ta kwashe yaran, bidiyon ya riga ya shiga wayoyin iyaye. Na gan shi, wata mai kawo mini ɗinki ce ta nuna mini ba ta san kawuna ba ne. Dattijo da jan ido yana tangaɗi, yara na leƙowa ta taga, a ƙasa an rubuta maganar da ba zan maimaita ba. Babu wanda ya ɗauki lokacin da ya gangara gefe ya zare makulli.

Kafin azahar jikinsa ya sake shi, hannu ya dawo, magana ta miƙe. Makaranta ta dakatar da shi, ta ce ba zai sake taɓa motar ba sai an gwada jininsa a asibitin da suke hulɗa da shi. Kawu ya ce a'a. Ya ce wanda ya iya shirya masa wannan zai iya canza kwalba a ɗakin gwaji. Ya zauna a gida ba ya fita, ba ya ci, ya ƙara ramewa, fuskar nan na sheƙi.

Ni na je na same shi. Na ce to ya zaɓi asibitin da ya ga dama, inda ba wanda ya san shi, ni zan raka shi. Na ɗauka zai ƙi, sai ya ce in shirya da sassafe, kuma kada in faɗa wa kowa inda za mu. Ni kaina bai faɗa mini ba sai da muka sauka daga mota ta biyu, can wani gefen gari.

A ɗakin gwaji ya sa matar da ke ɗibar jini ta buɗe sabuwar allura a gabansa, ta rubuta a jikin kwalba yana kallo, ya karanta, ya ce ta ƙara lambar wayarsa. Ta yi haƙuri da shi. Amma na ga ta ɗan tsaya tana kallon sirinjin, jinin na shiga da ƙyar, baƙi-baƙi, mai kauri. Ta tambaye shi ko ya daɗe bai sha ruwa ba. Kawu ya kalle ni, irin kallon ka ji ko, sun fara.

Da sakamako ya fito babu giya, babu ƙwaya, babu komai na maye. Sai dai likita ta ce a sake wasu gwaje-gwajen, kuma in za mu dawo ya zo da wanda suke zaune tare. Kawu bai so ba, amma ya zo da Inna. Suka zauna a kujeru biyu da tazara a tsakani, ni ina tsaye a baya.

Likitar mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da gaggawa. Ta ce ɓargon ƙashinsa ne ke ƙera jini fiye da yadda jiki ke bukata. Jinin ya yi yawa ya yi kauri, ya cika ƙananan jijiyoyi ya cushe a ciki, shi ne jan da ake gani a ido da tafin hannu, shi ne zafin ƙafa da ciwon kai, har ƙaiƙayin bayan wanka duk tushensu ɗaya. Ta ce tun da shi direba ne ya san abin da ke faruwa in motoci suka fi ƙarfin titi. Abin da ya same shi a hanya cunkoson ne ya kai wata jijiya a kai na ɗan lokaci sannan ya saki. Gargaɗi ne, in ba a yi wani abu ba na gaba zai iya zama shanyewar ɓarin jiki. Kawu ya tambaya ko wani abu da aka ci ko aka sha na kawo wannan. Ta ce a'a, ba wanda ya sa masa, ba kuma shi ya jawo ba. Sannan ta tambaya ko yana shan wani magani.

"Da sanina dai babu," in ji Kawu, bai kalli kowa ba.

Inna ta buɗe jakarta a hankali ta ciro kwalbar ta ajiye a kan tebur. Maganin ƙarin jini ne, irin wanda ake ba masu jego. Ta ce ta ga yana jiri yana ramewa, ta je wurin mai kemis ba ta ce mijinta ba ne, ta ce wani ɗan'uwa ne, ya ce jiri ai ƙarancin jini ne. Ta kuma ji an ce shaye-shaye na ƙone jini. Ta san ba zai sha abin da ba a buɗe a gabansa ba, shi ya sa take sa masa a shayi, da ya daina shan shayin ta koma miya.

"Shaye-shaye," Kawu ya maimaita. "Ke ma?"

"Kai ma ai guba ka ɗauka ina ba ka," ta ce. "Na ga shayin a magudana."

Likita ta ɗauki kwalbar ta karanta. Ta ce ba wannan ya kawo ciwon ba, amma ƙara wa mai jini da yawa jini kamar zuba ruwa ne a randar da ta cika, a daina daga yau.

Maganin ya zama a riƙa zuƙe masa jini, leda guda, da farko a kai a kai, daga baya lokaci-lokaci, da wata ƙaramar ƙwaya kullum. Ranar farko ya kwanta yana kallon ledar na cika, ya tambayi nas ina ake kai shi. Ta ce irin nasa ba sa ƙara wa kowa, zubarwa ake yi. Ya ce a garin da ake neman jini ido rufe za a zubar da leda guda? Ta rantse masa. Ya ce yana so ya gani. Sai da ta raka shi bayan ɗakin ta nuna masa jan bokitin da ake jefawa. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, da muka fito ya ce mini bokiti ai ana iya buɗe shi bayan mutum ya tafi.

Cikin 'yan makonni idon ya fara washewa, ciwon kai ya ragu. Ƙaiƙayin ne bai bar shi gaba ɗaya ba, ya koma wanka da ruwan sanyi, wanda ba ya yankewa a gidansu. Ya kai wa shugabar makaranta sakamakon da kansa. Ta ba shi haƙuri sosai, a ofis, ƙofa a rufe. Ya ce haƙurin ya karɓa, amma a kai shi inda bidiyon ya je. Ta rubuta wa iyaye bayani, kaɗan suka amsa da Allah ya ƙara sauƙi, sauran shiru. Uwar 'yan biyun ta aiko masa da lemo, bai sha ba, ni na sha.

Likita ta hana shi ɗaukar yara sai an ga yadda jiki zai yi, makaranta kuwa ba za ta jira ba. Surukin maigadi aka ba motar. Kawu ya ce ga shi nan, me ya faɗa? Daga baya wata malamar makarantar da nake wa ɗinki ta gaya mini maigadin ne kaɗai ya tsaya a gaban shugaba ya ce shekarunsa nawa yana shan shayi da mutumin nan kofi ɗaya, bai taɓa jin warin komai a bakinsa ba. Na kai wa Kawu wannan da murna. Ya ce ai iya wayon ke nan. Har yau ban san wanda ya fara maganar ba, shi kuma yana ganin ya sani.

Tsakaninsa da Inna an daɗe kafin a daidaita. Ya koma cin abincin gida, amma magana sai ta dole. Ya taɓa ce mini ba kwalbar ce ta ƙona masa rai ba, a'a, ta tambayi mai kemis, ta tambaye ni, ta tambayi wuyan riga, shi yana kwance kusa da ita ba ta tambaye shi ba. Da na faɗa mata sai ta ce shi da ya gan ta a madubi bakinsa ciwo yake? Na daina kai saƙo tsakaninsu. Su da kansu suka gaji. Yanzu ita ke fara ganin idon ya soma ja, ta ce masa lokacin asibiti ya yi, ya ce bai yi ba, ya je ya duba a madubi, sannan ya nemi takalminsa.

Da likita ta sake shi bai nemi komawa makaranta ba. Wata makarantar koyon tuƙi ce ta ɗauke shi, yana zama a gefen ɗalibi da nasa birkin a ƙarƙashin ƙafa. Ɗalibai na kuka da shi, wai kafin ya bari ka tayar da mota sai ka zagaya ta ka duba ƙarƙashi. Amma iyaye shi suke nema wa 'ya'yansu, har da wasu daga cikin waɗanda ya yi ta kai wa makaranta suna ƙanana.

Watan jiya na leƙa su na same shi a tsakar gida da fuska a ɗaure. Likitarsa ta yi ritaya, an ba shi wani sabo, matashi, mai yawan murmushi, wanda ya duba shi ya ce jinin ya daidaita sosai, za a iya ƙara tazara tsakanin zuƙa da zuƙa. Inna ta ce ai wannan abin godiya ne. Kawu ya ce likitan da ke saurin ba da labari mai daɗi shi ne abin dubawa. Ya ce in bincika masa, cikin masu kawo mini ɗinki ba za a rasa wadda ta san yaron ba, ɗan waye, kuma a ina ya yi karatu. Na ce to, zan tambaya.